Kafin ku kai shi kallon Hawan Daushe

Yaron da ke kan keken guragu shi ma yana marmarin kallon hawa, kada a bar shi gida da sunan tausayi. Ku fita da wuri kafin cunkoso, ku nemi inuwa nesa da inda dawakai ke jafi. In yashi ya riƙe ƙananan tayoyin gaba, ku ɗaga su, ku tura da na baya.

Dogon zama ne ya fi damuna. Wanda jikinsa ba ya jin taɓi ba zai ce ya gaji ba, gyambo kuwa daga nan yake farawa. Ku riƙa gyara masa zama akai-akai, ku ba shi ruwa. Da dare a duba mazaunansa da dugadugansa. In wani wuri a fatarsa ya yi duhu ko ja, bai washe ba bayan rabin awa, kada ya zauna a kai, a je asibiti.