Darasin Tarihi: Sojan Da Ba A San Sunansa Ba

Duk ranar 15 ga Janairu ana nuna Shugaban Ƙasa a talabijin yana ajiye furanni a gaban wani mutum-mutumin soja, a yi shiru na minti ɗaya, a harba bindiga, sannan a saki fararen tattabaru. Wurin yana Abuja, daura da Dandalin Eagle. Gwamnoni ma kan yi haka a manyan biranen jihohinsu. Da yawanmu mun sha gani, amma ba mu taɓa tambayar ko sojan wane ne ba.

Ba shi da suna, kuma da gangan aka bar shi haka. Al'adar ta samo asali ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1920 Ingila ta binne gawar wani soja da ba a gane shi ba a Landan, domin duk uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba ta sami inda za ta tsaya. A da, Nijeriya kan yi wannan biki ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasarmu ya ƙare a 1970.

To, su wa yake wakilta? Akwai kakanninmu da aka kai Yaƙin Bama. Turawa sun ɗebi dubban samari daga ƙauyuka da garuruwan Arewa, aka sa su a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japanawa cikin ƙungurmin daji da ruwan sama. Da Hausa ake yi wa yawancin sojojin Nijeriya magana a lokacin, har Turawan hafsoshi sai da suka koya. Waɗanda suka rasu a can suka tsaya, babu ɗan'uwa ko ɗaya a wajen jana'iza. Idan kun ji ana cewa Barikin Kalapanzin a Kaduna, sunan wani kogi ne a Bama. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da sojojinmu suka yi aiki a cikinta a 1944.

Sai masu aikin wanzar da zaman lafiya, waɗanda a ganina an fi mantawa da su, don ba yaƙin ƙasarsu suka je ba. Rabon faɗa suka je. Sun je Kwango a 1960, sun je Labanon, sun shiga Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, daga nan Saliyo. A ƙarshen Satumbar 2007 'yan tawaye suka afka wa sansanin Tarayyar Afirka a Haskanita da ke Darfur. Bakwai daga cikin waɗanda aka kashe 'yan Nijeriya ne, aka kawo su aka binne a maƙabartar sojoji ta Abuja. An ce mai rabon faɗa shi ke shan duka.

Ɗan tambarin nan da manya ke maƙalawa a ƙirji kafin bikin, ana sayar da shi ne don a tallafa wa tsofaffin sojoji da matan mamata da marayunsu. Wataƙila wani daga cikin marayun nan benci ɗaya kuke zama da shi.

Aikin gida: duk wanda aka taɓa yin soja a gidansu, ya tambayi manya sunansa, inda aka tura shi, da ko ya dawo. A rubuto a miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Juma'a, za mu liƙa sunayen a wannan allo.