Tambaya da Amsa: Yara Suna Hutu, Gidan Tarihi Yana Nesa

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a ƙaramar hukumar Roni. Na ga yadda gidajen tarihi a ƙasashen waje ke tara yara a lokacin dogon hutu, su wuni suna koyon kimiyya da tarihi, da yamma iyaye su zo su kwashe su. Mu nan da an ba da hutu, yaro ko dai yana gona ko yana yawo a bakin kwalta. Ni da wasu abokan aikina na Gwiwa da Kazaure muna son yin irin wannan, amma ba mu da gidan tarihi, ba mu da kuɗi. Mu haƙura, ko da mafita?
Malama, daga Roni

AMSA: Kada ku haƙura. Abin da ke riƙe hankalin yaro a irin wannan taro ba ginin ba ne, kayan ne: a miƙa masa abu ya taɓa da hannunsa, a yi masa tambayar da ba ta cikin littafinsa. Kaya kuwa kuna da su, a warwatse suke kawai a ɗakunan kakanni da zaurukan dagatai.

Amma kafin kaya, lokaci. Dogon hutunmu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Uban da ke maimai a Gwiwa ba zai ba ki ɗansa ya wuni ba, kuma da gaskiyarsa. Ga Islamiyya da yamma. Don haka ku bar zancen wuni guda. Awa uku da hantsi, kwana uku a mako, na mako biyu, yara kada su wuce talatin. Ku je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya ba ku aron aji ɗaya, ku gaida dagaci ku shaida masa. In iyaye suka ji cewa mai gari ya san da zancen, sai su saki jiki, musamman a kan 'ya'ya mata.

Ranar farko, kowane yaro ya zo da tsohon abu guda daga gida, tare da izinin mai shi: akushi, tasa, mazari, ƙoshiya, tsohon kwabo mai huji, allon kaka, zabirar wanzami, linzamin doki. Yaro ya rubuta a kati: mene ne, na waye, da me aka yi shi, me ya maye gurbinsa yau. Wannan shi ne ainihin aikin da ma'aikatan gidan tarihi ke yi. A rubuta kowane abu a littafi da sunan mai shi, a kuma mayar da shi a kan lokaci, domin in akushi ɗaya ya ɓata, baɗi ba wanda zai ba ku ko ludayi.

Tarihin ma a ƙofarku yake. Ɗan Tunku ya taso daga Dambatta ya kafa masarautar Kazaure a 1819, a kan ƙasar da aka yanko daga Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824, ya yi mulki har 1857, ya faɗaɗa ta. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna ƙarƙashin Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin Ringim. Ki shimfiɗa taswira a ƙasa, ki tambayi yara me zai sa mutum ya zaɓi zama a tsakiyar manyan masarautu uku, kuma me duwatsun da ke kewaye za su amfana masa in an kawo hari. Za su yi gardama, ki bar su. Daga nan ki gayyato dattijo daga fada ko maroƙin da ya san jerin sarakuna. In abin da ya faɗa ya saɓa da na littafi, kada ki yi saurin gyara shi a gaban yara. Su rubuta duka biyun, su yi tunanin yadda za a gane wanne ya fi ƙarfi.

A fannin kimiyya, zan fara daga Jigawa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a saka ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsanewa ta jikin babbar tukunya yana tafiya da zafi, sai ciki ya yi sanyi. Rahotanni sun nuna yalon da kan lalace a kwana 3 yana kai kwana 27 a ciki. Ku haɗa ta da yara, ku ari ma'aunin zafi, su riƙa rubuta na ciki da na waje. Ki sani a watan Agusta bambancin ba zai yi yawa ba, saboda iskar damina ta riga ta ƙoshi da ruwa. Wannan ba asara ba ce. Su ajiye lissafinsu, su sake gwadawa da bazara, su gano dalili da kansu.

Akwai kuma wata kyauta da sama ke ba ku a cikin hutun nan. A wajen 19 ko 20 ga Agusta, kusan ƙarfe sha biyu da rabi, rana tana tsayawa daidai bisa kan mutanen ƙasar Kazaure. Ku kafa sanda a miƙe tun mako guda kafin nan, yara su riƙa auna inuwarta kullum a wannan lokaci. Za su ga tana gajarta har ta shige ƙarƙashin sandar, bayan kwanaki ta leƙo ta arewa, alhali a da ta kudu take. Yaran Landan ba za su taɓa ganin haka a garinsu ba. Hadari na iya rufe rana, shi ya sa awon kwanaki da yawa ya fi na yini ɗaya.

Sauran masu sauƙi ne. A ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, a ja shi cikin baƙin yashin da ruwa ya tara a kwari, sau da yawa za a ga ɓurɓushin ƙarfe ya manne; ƙasar Roni dama an san ta da tama. Daga nan a wuce maƙera a ga aikin zuga-zugi. Ku rubuta wa Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, ku nemi malami ko ɗalibi ya ba ku hantsi ɗaya.

Ziyarar gidan tarihi na gaske ku bar ta a ƙarshe, ba a farko ba. Yaron da ya rubuta kati da hannunsa, in ya shiga Gidan Makama a Kano, ginin da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba zai ruga daga ɗaki zuwa ɗaki ba. Zai tsaya gaban tsoffin ƙyamaren ƙofofin birni yana karanta bayani. In da sauran lokaci ku biya marinar Ƙofar Mata, su ga zane ya fito daga karofi kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi a gabansu. In kuɗin mota ya yi kaɗan, Daura ta fi muku kusa, ga rijiyar Kusugu. Zanen duwatsun Birnin Kudu ya yi nisa ga 'yan firamare, ku bar shi sai wata shekara.

Ku aika wasiƙa tun da wuri ku tambayi kuɗin shiga na ɗalibai, ku karɓi izinin kowane uba a rubuce, malami ɗaya ga yara goma. Yaran za su roƙe ki a tsaya a Dam ɗin Ayuba na Kazaure a hanyar dawowa. A damina ruwa ya cika, gaɓa tana da santsi. Su kalle shi daga cikin mota.