ƘUNAR SANYI A IDON SAWU

Wuta tana ƙuna, kowa ya sani. Sanyi ma yana ƙuna in ya yi tsanani. Ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara in awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 0. Haka fatar mutum take daskarewa. Wannan ita ce ƙunar sanyi.

Ina ake samun ta?

Cuta ce ta ƙasashen sanyi, kamar Faransa da Rasha da Kanada. Darin Maraɗi ko na Damagaram ba ya kawo ta. Amma bisa duwatsun Ayar, wajen Bagzan, ruwa yakan daskare da dare cikin Disamba da Janairu. Haka yake a duwatsun Hogar na Aljeriya. Saboda haka ƴan ci-rani da direbobi masu bin hanyar arewa su yi hattara. A gida ma, wanda ya yi targaɗe ya ɗora ƙanƙara tsirara bisa fata ya daɗe, yana iya ƙonewa.

Don mi idon sawu?

Wurin ba shi da nama, fata ce bisa ƙashi. Kuma sau da yawa yana buɗe tsakanin wando da takalmi. In sanyi ya yi yawa, jijiyoyin jini suna tsukewa, jini ya rage isa ƙafa.

Alamomi

Fata ta yi sanyi, tana suka kamar allura. Daga nan ta koɗe ta yi toka-toka, wurin ya mutu, ko an taɓa ba a ji. In fata tana da taushi, ƙunar ƙarama ce. In ta yi tauri kamar itace, babba ce.

Magani

1. A shiga ɗaki, a tuɓe takalmi da jiƙaƙƙiyar safa.
2. A sa ƙafa cikin ruwan ɗumi, digiri 37 zuwa 39, wajen minti 30. Wani mai lafiya ya gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna.
3. In ji ya dawo, wurin zai yi zafi. Ana iya shan farasitamol.
4. A shanya ƙafa, a naɗe ta da tsabtataccen ƙyalle, kada a matse.

Abin da aka hana

Kada a murza wurin, murza tana ɓata nama. Kada a kanga ƙafa ga wuta ko garwashi, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Kada a ɗumama ƙafa in za ta sake daskarewa bisa hanya, don daskarewa ta biyu ta fi ɓarna. Kada a sha taba ko giya.

In bororo ya fito, kada a fasa shi. In an ga bororo, ko fata ta yi baƙi, ko ji bai dawo ba, sai a tafi likita maza. Jinkiri yana iya jawo yanke ƙafa. Masu ciwon suga su fi kowa kula.

Rigakafi

A sa busasshiyar safa mai kauri wadda ta rufe idon sawu. Takalmi ya zama rufaffe, ba matsattse ba. A canza safa in ta jiƙe. A ci a ƙoshi, a riƙa motsa ƙafa. Mai targaɗe ya naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle, kada ta wuce minti 20.

Wanda ya karanta, ya gaya wa mai shirin tafiya.