Filin Shawara: Rabin hoton ya fito baƙi ƙirin

Mahaifina mai hoto ne, ya rasu ya bar mini kyamara Pentax K1000 da filasha mai doguwar waya. Na sa fim na fari da baƙi na ɗauki bikin ƙanwata da daddare, abokina na riƙe da filashar a gefe. Da aka wanko, wasu hotunan rabinsu baƙi ƙirin, wasu kuma fuskokin sun ƙone fat. Inna tana fushi da ni, yayana ya ce in sayar da tarkacen in riƙe waya. In haƙura ne?
Ɗan mai hoto, Rogo

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Inna tana da gaskiya, ba a koyon hoto a bikin ƙanwa. Je ka ba ta haƙuri, ka bi ƴan biki ka tattaro na wayoyinsu, ka buga mata. Kyamarar kuwa lafiyarta ƙalau.

Baƙin nan na gefe ɗaya sauri ne ya yi yawa. A cikin kyamarar akwai labule biyu, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya biyo ya rufe. In saurin labulen ya wuce 1/60 na sakan, na bayan ya fara rufewa kafin filasha ta haska. Duba abin murzawa na sama, za ka ga X kusa da 60. Bar shi nan.

Ƙonewar fuska ita ce mai lissafi, don filasharka ba ta san nesa da kusa ba. Kowace tana da lambar ƙarfinta, galibi da jadawali a bayanta. Raba lambar da nisa, abin da ya fito shi ne lambar ƙofar haske da za ka murza a idon kyamara. A ce 32 ce, da fim mai lamba 100: mita 4, ka sa 8, mita 2, ka sa 16. In fim mai 400 ne, kamar Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, 32 ɗin ta zama 64, mita 4 sai 16. Kuma nisan daga filasha zuwa mutum ake aunawa, ba daga inda kake tsaye ba. Ina zargin abokinka, da kiɗa ya yi daɗi, ya yi ta matsawa gaba. Wanda ya rage nisa da rabi ya ninka haske sau huɗu. Ƙulla masa igiya, ƙulli ɗaya kowace mita, ya ɗaga filashar sama da kai, ɗan gefe. A ɗaya gefen wani ya riƙe farin kwali don inuwa ta yi sauƙi. Ga fatarmu, ƙara buɗe ƙofar mataki ɗaya. Dodon hoto ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa.

Tsohuwar filasha ƙarfinta na raguwa, saboda haka fim na gaba na gwaji ne. Zaunar da yayan naka a tsakar gida bayan isha'i, ka rubuta nisa da lamba na kowane ɗauka. Yana zaune ka ba shi labarin Malick Sidibé na Bamako, wanda da filasha da fim irin naka ya bi wuraren rawar dare tun shekarun 1960, har aka karrama shi a Venis a 2007.

Amma yayanka yana da hujja, fim na cin kuɗi. Kafin ka sayi fim, fara neman mai wanke shi a Kano. Ilford XP2 da ruwan wankin fim mai kala ake wanke shi, zai fi sauƙin samun mai yi.

In hannunka ya faɗa, tafi madatsar Challawa a Karaye da almuru, ka nemi izinin masunta ka ɗauke su. Ranar hawan sallah kuwa bar filashar a gida, kada ka firgita dokin wani.