Yadda Tsoka Ke Aiki da Haɗarin Ciwon Sarƙe-Haƙora

Manomin citta a Kachia ko Kwoi, da ɗan dakon da ke loda buhuna a kasuwar Kafanchan, duk jarinsu ɗaya ne, wato tsokar jikinsu. Akwai tsoka fiye da 600 a jikin ɗan Adam. Ya kamata kowa ya san yadda suke aiki, domin ya san abin da ke yi musu lahani.

Duk wanda ya yagi dafaffen nama ya ga yana rabuwa sili-sili. Haka tsoka take, kamar igiyar rama da aka tufka da zare masu yawa. Kaurin kowane zare bai wuce na gashin kai ba. Idan aka duba shi da madubin likita, za a ga yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan zaruruwa, kowannensu kuma gaɓa-gaɓa ne kamar rake. Masana suna kiran gaɓar sakomiya. Sai an jera fiye da 400 kafin su kai milimita 1.

A cikin kowace gaɓa akwai zare iri biyu a jere: siriri mai suna aktin, da kakkaura mai suna mayosin. A shekarar 1954 ne Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a Ingila, da Hugh Huxley da Jean Hanson a Amurka, suka nuna cewa zaruruwan nan ba sa gajercewa, zamewa suke yi cikin juna.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙwaƙwalwa takan aiko da saƙo ta laka da jijiya. Da isowar saƙon sai sinadarin kalsiyam ya fito daga ma'ajiyarsa, ya buɗe wuraren kamawa a jikin aktin. Nan take kawunan mayosin su kama, su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar mai jan guga a rijiya. Da haka dubban gaɓoɓi ke tsukewa tare, garma ta ɗagu. Ƙarfin wannan aiki daga sinadarin ATP yake, wanda jiki ke samarwa daga abinci da iskar numfashi. Sakin ma sai da shi, shi ya sa gawa ke sandarewa.

To, a nan ne haɗarin tetanus yake, wato ciwon sarƙe-haƙora. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da takin dabbobi, takan shiga jiki ta saran fartanya, ko sukar ƙusa, ko cibiyar jariri da aka yanke da reza mai datti. Dafinta yana toshe jijiyoyin da ke hana tsoka tsukewa fiye da kima. Sai muƙamuƙi ya ƙage, baya ya ganɗare, numfashi ya gagara. Ciwon yana kisa.

Saboda haka, a wanke kowane rauni da sabulu da ruwa mai tsabta, kada a shafa masa ƙasa ko kashin shanu. Wanda ya ji rauni mai zurfi ya je asibiti ran nan. Mata masu ciki da yara ƙanana su karɓi allurar rigakafi har su kammala. Rigakafi dai ya fi magani.