Ƙonewar Gaskit na Kan Injin: Yadda Ake Ganewa da Yadda Ake Gyarawa

Ƙofar Marke ɗaya ce daga tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a shekarar 1809. A da jakuna da raƙuma ke shige da fice ta nan. Yau kuwa motoci ne suka gaji wannan aiki, kuma magidanta da yawa na unguwar da mota suke ciyar da iyali, suna jigila zuwa Gusau da Illela da Birnin Kebbi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma a wannan lokaci ne aka fi jin direba na cewa gaskit ya ƙone. Ya kamata kowane mai mota ya san abin da wannan magana ke nufi, domin kada ya biya kuɗin gyaran da bai kamata ba, kada kuma ya yi sakaci har injin ya mutu.

Mene ne gaskit?

Injin mota kashi biyu ne manya. Akwai gangar jiki, inda fistin ke hawa da sauka cikin silinda. Akwai kuma kai, wanda makanikai ke kira tof silinda, inda bawul da fulogi suke. Tsakaninsu ake shimfiɗa wani siririn faifai mai huji-huji, shi ne gaskit. Na zamanin da akan yi shi da tagulla da asbesto, na yanzu kuwa galibi fallayen ƙarfe ne aka haɗa. Aikinsa shi ne raba abu uku da ke maƙwabtaka amma ba su shiri: wutar da ke ci cikin silinda, da ruwan sanyaya injin, da baƙin mai. In ya tsage, sai su gauraya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke ƙona shi

Babban dalili shi ne zafin da ya wuce kima. Kan injin motocin yanzu na alminiyam ne, watau goran-ruwa, wanda ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa in ya sha zafi. In injin ya tafasa, kan sai ya ɗan karkace, ya daina danne gaskit daidai, wuta ta sami hanya. Shi kuwa zafin, asalinsa ƙananan abubuwa ne: lagireto mai yoyo ko wanda ya toshe, tiyo da ya tsage, fambel da ya saki, fanka da ta daina juyawa, ko murfin lagireto da ya gaji. Ruwa kan tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana matse shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Saboda haka murfi na ɗan kuɗi kaɗan yana iya jawo asarar injin ɗungum.

Alamun da za a duba

Na farko, ruwan lagireto yana raguwa kullum, ba a kuwa ga inda yake zuba ba. Na biyu, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa ko bayan injin ya yi zafi. Na uku, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Na huɗu, in aka buɗe murfin lagireto injin na sanyi, aka tayar, sai a ga kumfa na tasowa ba tsayawa. Na biyar, injin yana rawa da safe, ƙarfinsa kuma ya ragu a hawa.

Amma fa alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. Da sanyin safiyar hunturu lafiyayyar mota ma kan fitar da farin tururi, ya ɓace bayan minti kaɗan. Motar da ba ta yin doguwar tafiya kuma takan tara ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai, alhali gaskit ɗinta ƙalau yake. In makaniki ya ɗaga bonet kawai ya ce, "Alhaji, sai an sauke kai," daidai ne mai mota ya amsa, "To, Malam, a fara aunawa tukuna."

Yadda ake tabbatarwa

Gwaji uku ne. Na farko awon matsi: a cire fulogi duka, a ɗaura ma'auni a kowace silinda, a murza injin. In silinda biyu da ke jere da juna suka nuna ƙarfi kaɗan, gaskit ya ɓalle a tsakaninsu. A nan ne kuma za a duba fulogin: wanda ya fita fes kamar an wanke shi, ruwa ke shiga silindarsa. Na biyu, a hura iska cikin lagireto da famfon gwaji, a ga ko allura za ta sauka, a kuma bi tiyo da famfon ruwa a tabbata ba ta waje yake yoyo ba. Na uku, akwai wani shuɗin ruwan magani da ake ɗorawa a bakin lagireto. In hayaƙin silinda na shiga ruwa, sai ya juya rawaya.

Yadda ake gyarawa

A bari injin ya huce sarai, a cire batir, a tsiyaye ruwa da mai. A yi wa taimin alama kafin a taɓa shi. Sa'an nan a kwance kusoshin kai kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. A nan masu Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, su lura: hannun silindarta ana zare shi, don haka kada a juya injin bayan an sauke kai sai an danne su.

In an kankare tsohon gaskit, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, a auna karkacewarsa. A motoci da yawa abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba, watau bai kai kaurin takarda ba. In ya wuce haka, a kai shi wurin masu injin goga su daidaita fuskar, su kuma duba ko ya tsage. Sabon gaskit a kan karkataccen kai aikin banza ne.

A sayi gaskit na ƙwarai, araha ba ta ado. Kada a shafa masa gam sai in masu motar sun ce a yi. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Wasu kusoshin na zamani miƙewa suke yi in an ɗaure, ba a mai da su sau biyu. Daga nan a zuba sabon mai da sabuwar filta, a fitar da iskar da ta maƙale cikin ruwa. Abu na ƙarshe, shi ne kuma mafi girma: lalle a nemo abin da ya kawo zafin tun farko a gyara shi. In ba haka ba, sabon gaskit zai bi sawun tsohon.

Rigakafi

Direba ya duba ruwa da mai kowace safiya kafin ya ɗauki fasinja. Ya yi amfani da ruwan sanyaya injin na kanti, domin ruwan rijiya kan bar tsatsa da ɓawo cikin lagireto. Kada ya yarda a cire tamostat a jefar don wai ƙasar zafi ce. In ya lalace a sake shi. In allurar zafi ta hau ja a hanya, ya tsaya nan take ya kashe injin. Kada ya buɗe murfi da zafi, gama tururin na ƙona fuska da hannu, kada kuma ya kwara ruwan sanyi a kan injin mai zafi, domin ƙarfen na iya tsagewa. Wanda ya yi haƙurin rabin sa'a a gindin itace ya isa gida da motarsa. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gari, sau da yawa da igiya ake jawo shi zuwa gareji.