RUWAN KWATA A GONAR AUDUGA: YA HALATTA, AMMA KA DUBA SAIWA



Bayan karatun Magariba, wani dattijo mai lambu a bakin rafin Kubanni ya tambaye ni: "Malam, da rani ruwan da muke samu haɗe yake da na kwatocin Samaru da Sabon Gari. In na shayar da auduga da shi, na yi laifi?"

Na ce masa a mazhabar Malikiyya ruwan da najasa ta canza masa launi, ko ɗanɗano, ko ƙanshi ba a alwala da shi, ba a girki, amma ya halatta a shayar da shuka, kuma abin da ya tsiro mai tsarki ne. Hanbalawa sun tsananta a nan. To amma 'yan uwa, tsarki daban, cutarwa daban, kuma Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa.

Auduga da saiwa take rayuwa. Uwar saiwarta kan nutsa fiye da mita 1 in ƙasa ta ba ta hanya. Ruwan kwata yana ɗauke da taki, shi ya sa za ka ga ganye ya yi kore shar. Sai dai yana ɗauke kuma da gishirin sabulu da omo, da baƙin man makanikai, da dalmar tsofaffin batura. Gishirin nan yana toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya kwanta, iska ta kasa shiga, saiwa ta shaƙe. Ƙaramar shuka ta fi jin jiki. Dalma kuwa ba ta ruɓewa, taruwa take yi shekara bayan shekara, har ranar da za ka shuka alayyafo a wurin.

Don haka na ba shi shawara uku. Ka tone shuka ɗaya ka duba: saiwa mai lafiya fara ce doguwa, wadda ta cutu gajera ce, ta yi duhu. Ka haƙa rami ruwan ya kwanta kafin ban-ruwa, ka gauraya da mai kyau in da hali. Sannan ka tambayi masana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana nan tun 1922, ita ta fitar da irin auduga na SAMCOT.

Mu kuma da ke zuba baƙin mai a kwata, mu ji tsoron Allah. Gonar wani yake tafiya.

Ƙasa amana ce, 'ya'yanka za ka bar wa.

Wallahu a'alam.